Maɓallai Bakwai a Szeged

Dare ya raba, bakin kogin Tisza ya daskare,
ni ina kicin, takardu sun cinye teburi.
Na'urori bakwai gare mu a ƙasan benen jami'a,
kowacce kanta ja, lissafi ba ya gagarar ta,
amma kasa kunne ka ji:
ke ba ni naki, ke miƙo mini wancan,
kamar 'yan kasuwar da suka manta abin da ya kawo su.
Kashi ɗaya aiki, kashi uku aike.
Waya ta ɗau zafi, lokaci na tsiyaya.

Zalan ya ce a sayo waya mai kauri.
Na ce kuɗin fa?
Ya ɗaga kafaɗa, ya ja hularsa.

Babana Ambrus bai yi barci ba.
Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu a keke,
amma tun da muka binne Mama
maganarsa ba ta wuce "Kin ci?" da "Sai da safe."
Ya jawo kujera. Bai tambaye ni komai ba.

Na sauko da gwangwanin maɓallanta daga kan kanta,
na zaɓi bakwai, na warware jan zare.
Kowane zare ya ratsa maɓalli uku,
kowane maɓalli ya riƙe zare uku,
biyu duk da ka ɗauka, zare ɗaya tak ya haɗa su.
Shida suka miƙe sambal,
na bakwai ya ƙi, sai da ya lanƙwashe kamar zobe.
Na ce masa maɓallan na'urori ne,
zaren kuwa rabon bayani:
kowa na riƙe da wani abu na maƙwabcinsa,
ba duka ba, daidai gwargwado.
Abin da ya rage mini, Baba,
yadda za su yi shiru.

Ya daɗe yana kallo.
Can ya yi gyaran murya, kamar ƙofar da ta shekara a rufe.

"Etelka da Jolan," in ji shi,
"katanga ɗaya ce tsakaninsu, ba sa ga maciji.
Duk wata in na kawo fansho,
wannan ta ja hannuna: nawa aka ba waccan?
Waccan ma haka. Ga sanyi, ga jaka cike.
Sai na daina shiga gida biyu.
In tsaya kan keke, in faɗi jimlar kuɗinsu sau ɗaya da ƙarfi.
Kowacce ta san nata.
Ta cire, ta ga na kishiyar katanga."

Na ajiye fensir.
Saƙo biyu a baki ɗaya,
kowa ya ɓare nasa da abin da yake da shi a hannu.
Na bi zaren da yatsa, uku-uku,
duk inda biyu ke jiran juna
ta ukun ta yi magana sau ɗaya, ta wadatar.

Kwana tara na yi ina rubuta shi,
sau biyu ya rushe, ƙidayata ce ta karkace.
Ran na goma fitilun waya suka rage ƙyaftawa,
ɗakin ya yi tsit har ina jin fanka.
Zalan ya taɓa waya, ya ji ta da sanyi,
ya ce, "To."

Da na dawo, maɓallan na nan inda na bar su.
Baba ya ɗauki koren, mai tsaga a gefe,
ya juya shi a tafin hannu.
"Rigar sanyinta," ya ce.
Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na cire nawa.
Abin da ya saura,
sai da na zauna kafin na iya ɗauka.